Tarzomar 1987 a Katsina da kotun da babu ɗaukaka ƙara a kanta

Yau zan mayar da ku watan Maris na 1987, lokacin ko jihar Katsina ba a ƙirƙiro ba, sai a watan Satumba na shekarar Janar Babangida ya cire ta daga Kaduna. Rikici ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a kan wa'azin wani Rabaran Abubakar Bako, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Zariya da Funtuwa da birnin Katsina, inda aka mayar da martani a kan coci-coci da otal-otal. Da ƙura ta lafa an kama ɗaruruwan mutane. To a nan maganarmu take: yaya ake tabbatar wa kotu cewa wane ne ya aikata?

Ku duba wahalar abin. Ɓarawo ɗaya, gida ɗaya, shaida ya gan shi, magana ta ƙare. Amma taron mutum ɗari biyar cikin hayaƙi, wa ya riƙo galan ɗin fetur, wa ya ƙyasta ashana, wa kuma ya fito kallo kawai motar 'yan sanda ta kwashe da shi? Kundin laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, yana da mafita: idan mutum biyar ko fiye suka taru da mummunar manufa guda, laifin da ɗaya ya yi don cika manufar yana kan kowa. Amma duk da haka sai mai gabatar da ƙara ya nuna cewa kai ɗin kana cikin taron, kuma manufarku ɗaya. Wannan hujjar hannu ke nan. Akwai ta biyu da ta fi ta wuya, hujjar zuciya: cewa saboda addinin mutum ko ƙabilarsa aka far masa. Zuciya kuwa ba ta da taga.

Gwamnatin soja ba ta tsaya wannan dogon lissafi ba. Ta kafa Doka ta 2 ta 1987, ta samar da kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte na Kotun Ƙoli. A tsarin dokar, alƙali ne shugaba amma akwai hafsan soja a cikin masu yanke hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Majalisar mulkin soja ce kawai ke sa hannu. Ni a ganina nan ne ɓarakar take. Ɗaukaka ƙara ita ce wurin da wani alƙali daban yake sake auna shaida, ya ce wannan ta tsaya, wannan ji-ta-ji-ta ce. Idan ka toshe ƙofar, ko hukuncin daidai ne, wa zai gamsu? Musulmi da yawa a lokacin sun yi kukan cewa su aka fi ɗaurewa.

A 1991 Katsina ta sake gani. Malam Yakubu Yahaya ya jagoranci mabiyansa zuwa ofishin Daily Times a kan wani rubutu na mujallar Fun Times da suka ce ɓatanci ne ga Manzon Allah (SAW). Gwamna Kanar John Madaki ya yi barazanar kisa a bainar jama'a tun ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Daga baya kotu ta musamman ta ɗaure malamin.

Sai reshe ya juya da mujiya. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, da dokar nan dai aka gurfanar da Janar Zamani Lekwot, lauyoyinsa suka janye, aka yanke masa hukuncin kisa a 1993, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Wannan karon Kiristoci ne ke kuka. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce tsarin kotun ya saɓa wa haƙƙin shari'ar adalci. Da ita kuma aka rataye Ken Saro-Wiwa a 1995.

Wata ƙila ku ce to a waje yaya suke yi da hujjar zuciya? A Amurka, a shari'ar Mitchell ta 1993, Kotun Ƙoli ta yarda a kafa hujja da kalaman da mutum ya furta dab da kai hari don gano niyyarsa. A 2000, a shari'ar Apprendi, ta ƙara da cewa ƙiyayyar ita ma sai an tabbatar da ita ba tare da kokwanto ba, kamar laifin kansa.

Mu kuma yanzu waya ta kawo abin da babu a 1987, wato bidiyo. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shi, amma da sharaɗi: sai an nuna na'urar da ta samar da shi da yadda take aiki, ba kawai a ce an gani a WhatsApp ba. Kuma bidiyon bai kai kansa kotu. Kisan Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022 duniya ta kalla a waya, amma mutum biyun da aka gurfanar ba da kisa aka tuhume su ba, kuma kotu ta sallame su saboda masu gabatar da ƙara ba sa zuwa.