Ganin Gida da Damina: Asalin Zagayen Gona a Ƙasar Bilbis

A ƙasar Bilbis, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe ta Jihar Zamfara, kusa da iyaka da Jihar Katsina, da ma sauran garuruwan da ke tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, an saba idan ɗan asalin gari da ke zaune a nesa ya zo ganin gida, wato ziyarar garin da iyayensa ko kakanninsa suka fito, dattawan gida su fita da shi a ƙafa su zagaya gonakin gado, kuma an fi yin haka da damina, ko da ana yayyafi. Wannan al'ada ta samo asali daga abubuwa uku da suka haɗu: yadda shekara ta kasu a ƙasar noma, yadda mutanen yankin suka riƙa fita nema zuwa wasu ƙasashe, da yadda ake tabbatar da mallakar gona a ƙauye.

Shekarar manomin wannan yanki ta kasu kashi huɗu: bazara, lokacin zafi da sharar gona, damina, wadda kan fara a watan Mayu ko Yuni ta kai farkon Oktoba, kaka, lokacin girbi, sai rani, da aikin gona yake ƙarewa. Tsakiyar damina, a watan Agusta, ita ce marka, wato kwanakin da ruwa kan wuni yana zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙoramu su cika, kogin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, ya kawo ruwa har ƙetare shi ya yi wuya. Kafin zuwan kwalta da gadoji, jaki da kaya ba ya iya ratsa laka a irin wannan lokaci, saboda haka tafiya mai nisa ta zama aikin rani, damina kuma ta zama lokacin da ake sa ran kowane magidanci yana gida, domin gandu, wato babbar gonar da dukan mazan gida suke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, yana buƙatar hannun kowa.

Yankin kansa tsohon mazauni ne wanda jama'arsa suka sha tashi da zama. 'Yandoto, da ke kusa da Tsafe, ta yi suna da malamai tun kafin jihadin da aka fara a 1804, kuma bayan da rundunar Muhammadu Bello ta ci ta a farkon shekarun jihadin, mutanenta suka watsu. Sunanta ya wanzu a sarautar 'Yandoton Tsafe, yayin da Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta ɗaukaka da sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Irin wannan ƙaura ta bar kufai da yawa, wato wuraren da aka taɓa zama aka tashi, waɗanda ake ganewa da tarin kukoki da tsofaffin rijiyoyi da fasassun tukwane, kuma zuriyar da ta tashi daga wuri takan ci gaba da kiransa nata ko bayan ya koma gona.

Fita zuwa ƙasashen waje ta bi hanyoyi biyu manya. Ta farko ita ce ta yamma, hanyar fataken goro zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga a Ghana ta yau, inda ayari kan tashi bayan kaka, wasu daga cikin fataken kuma su zauna su yi aure a zango, wato unguwar baƙi 'yan kasuwa, irin waɗanda suka bunƙasa daga baya a Kumasi da Ankara ta Ghana. Ta biyu ita ce ta gabas, hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ta ƙara cika bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. Bayan rasuwarsa a Burmi a wannan shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran mabiya har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, kuma da aka buɗe aikin noman auduga na Jazira a 1925, Hausawa da dama da suka nufi Makka suka tsaya can suna ƙwadago, wasu har ƙarshen rayuwarsu.

Mulkin Turawa ya bunƙasa nau'i na uku na fita, wanda shi ne ya fi ɗaure komawa gida da damina. Da aka wajabta biyan haraji da kuɗi, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe da Gusau har Ƙauran Namoda, inda ya isa a 1929, auduga da gyaɗa suka zama kayan sayarwa, samari kuma suka sami hanyar zuwa cin rani, wato barin gida bayan girbi don neman kuɗi a birane da ƙasar kurmi, tare da rage wa rumbu baki. Sharaɗin cin rani shi ne a dawo kafin ruwan shuka. Wanda ya wuce damina ɗaya akan yi masa uzuri, amma wanda ya jera damina da yawa bai zo ba akan ce ya shiga duniya, kuma gonarsa takan koma hannun wani.

A nan ne batun mallaka ya shigo. Gonar ƙauye ba ta da takarda, kuma ko da dokar filaye ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa a hannun gwamna, ta 1978 kuma ta yi haka ga Nijeriya baki ɗaya, a aikace shaidar dattawa da mai unguwa da dagaci ita ce hujja. Wanda ya yi tafiya yakan bar gonarsa aro ga ɗan'uwa, ko ya ba da ita jingina, wato ya karɓi kuɗi mai kuɗin ya riƙa nomawa har a biya shi, kuma idan shekaru suka yi nisa, aro yakan rikiɗe ya zama kamar gado in ba a riƙa tunatarwa ba. Da rani, bayan an kwashe amfani an saki dabbobi su ci kara, gonaki kan haɗe su zama fili ɗaya. Da damina kuwa kowace gona tana tsaye da shukarta, kunyoyinta a bayyane, gambar da aka dasa a kan iyaka ta yi tsawo, maƙwabtan gona kuma suna nan a bakin aiki, don haka duk abin da aka nuna wa baƙo an nuna shi a gaban shaidu.

Zagayen yana da tsari sananne. Akan fito da hantsi, ƙanin uba ko wan uba, wanda baƙon yake kira Baba ko Baffa, yana gaba, a bi burtali, wato hanyar shanu da aka killace tsakanin gonaki, a wuce jigawa inda gero yake yi, a gangara ƙasar laka ta dawa da masara da auduga, a ƙare a fadama inda ake shinkafa da rake. A hanya ana nuna itatuwa, domin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suna da masu su, har yakan yiwu gona ta zama ta wani, 'ya'yan ɗorawar da ke cikinta kuma na wata tsohuwa ce a gidan. Ana tsayawa a kufai da maƙabarta a yi addu'a, ana ambaton sunayen waɗanda suka sare dajin tun farko, kuma ta haka yaron da aka haifa a Kumasi ko a Sudan yake jin jerin kakanninsa haɗe da wuraren da suka noma.

Abubuwan da suka faru daga baya sun ƙarfafa al'adar. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busiya ta Ghana ta kafa a ƙarshen 1969 ta dawo da 'yan Nijeriya masu yawa gida ba shiri, kuma waɗanda danginsu suka san su, suka san gonar uban kowa, su ne suka sami wurin zama da sauƙi. Makarantun boko kuma sun sanya dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wanda ya dace da hutun makarantun Ingila da Amurka, saboda haka ma'aikacin da ke son kawo 'ya'yansa ganin gida yakan iso ne a tsakiyar marka.

Tun daga wajen 2011, rashin tsaro da garkuwa da mutane a dazuzzukan Zamfara da kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau sun taƙaita wannan zagaye, domin gonakin nesa da gari sun zama abin tsoro ga mazauna, balle ga baƙon da ake zaton ya zo da kuɗi. Da yawa yanzu suna tsayawa a Gusau dangi su same su can, ana nuna musu gonar a hoton waya, wasu kuma sun koma rubuta takardar shaida a gaban dagaci da kotun shari'a. Takardar tana iya tsare iyaka, amma sanin wanda ya sare daji, da mai ɗorawa, da inda kufan gidan yake, yana cikin kan dattawan da suka saba yin zagayen, kuma adadinsu yana raguwa kowace shekara.