Tarihin takun saƙa tsakanin kamfanin United da matuƙa jiragensa

A watan Satumban 2023 ne matuƙa jiragen sama na kamfanin United Airlines da ke Amurka suka amince da sabuwar yarjejeniyar aiki, wadda ta tanadi ƙarin albashi na kimanin kashi 40 cikin 100 a tsawon shekaru huɗu.

An ƙiyasta darajar yarjejeniyar a kan dala biliyan 10.

Sai dai a tarihin kamfanin, ba kasafai irin wannan tattaunawa ke tsayawa ga batun albashi kaɗai ba. Sau da dama jayayyar takan koma kan alƙiblar da shugabanni suka fuskantar da kamfanin.

Dalilin damuwar matuƙa

A manyan kamfanonin jiragen saman Amurka, daɗewar matuƙi a kamfani ita ke tsara kusan dukkan al'amuransa: girman jirgin da zai tuƙa, da hanyoyin da zai bi, da ranakun hutunsa, da kuma lokacin da zai zama kyaftin.

Idan ya sauya sheƙa zuwa wani kamfani, to daga ƙasan jeri zai soma, ko da kuwa ya shekara 20 yana tuƙi.

Don haka idan kamfani ya durƙushe, matuƙi ba shi da damar kwashe matsayinsa ya kai wani wuri. Wannan ne ya sa ƙungiyar matuƙa ta ALPA ke sa ido a kan bashin da kamfani ke ciyowa da kuma shirin haɗewa da wasu kamfanoni.

Abin da doka ta tanada

Wata dokar ma'aikatan jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta zuwa jiragen sama a 1936, ita ce ke tafiyar da tattaunawar.

A ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta mutuwa idan wa'adinta ya cika. Ana ci gaba da aiki da ita har sai an cimma sabuwa.

Matuƙa ba su da ikon shiga yajin aiki sai hukumar sasantawa ta tarayya ta sallami ɓangarorin biyu, sannan a jira kwanaki 30. Ko a lokacin, shugaban ƙasa na iya tsoma baki, kamar yadda Bill Clinton ya dakatar da yajin aikin matuƙan American Airlines a 1997, 'yan mintoci bayan somawarsa.

Yajin aikin 1985

A watan Mayun 1985 matuƙan United sun yi yajin aikin kwanaki 29, suna adawa da shirin biyan sabbin ɗauka albashin da bai kai na tsofaffi ba.

Shugaban kamfanin na lokacin, Richard Ferris, yana da burin haɗa sufurin jirage da otal-otal da hayar motoci wuri guda. Ya sayi kamfanin hayar motoci na Hertz da otal-otal na Hilton International, sannan ya raɗa wa uwar kamfanin suna Allegis.

Matuƙan sun yi ƙorafin cewa ana karkatar da kuɗi daga harkar jirage. A watan Afrilun 1987 suka yi tayin sayen United a kan dala biliyan 4.5. Cinikin bai faɗa ba, amma a watan Yuni Mista Ferris ya sauka daga muƙaminsa.

Ma'aikata sun mallaki kamfanin

A 1994 matuƙa da makanikai da wasu ma'aikatan suka karɓi kashi 55 cikin 100 na hannayen jarin kamfanin, su kuma suka amince da ragin albashi da alawus na kusan dala biliyan 5. Sun kuma sami kujeru a hukumar gudanarwa. Ma'aikatan da ke kula da fasinjoji a cikin jirgi ba su shiga shirin ba.

Wannan bai kawo ƙarshen saɓanin ba. A watan Mayun 2000, ana tsakiyar tattaunawa kan sabuwar yarjejeniya, shugaban kamfanin James Goodwin ya bayyana shirin sayen US Airways, abin da ya jefa matuƙa cikin fargabar rasa matsayinsu a jeri.

Da yawansu sun ƙi yin aikin ƙarin lokaci, kuma an soke dubban tafiye-tafiye a watannin da suka biyo baya. Daga ƙarshe suka sami ƙarin albashi na fiye da kashi 20 cikin 100 nan take. Shi kuwa cinikin US Airways ya wargaje a watan Yulin 2001, bayan ma'aikatar shari'a ta Amurka ta nuna adawa da shi.

Durƙushewa

Biyu daga cikin jiragen da aka sace a harin 11 ga Satumban 2001 na United ne. Fasinjoji sun ragu ƙwarai, kuma a watan Disamban 2002 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Hannayen jarin ma'aikata sun rasa kusan dukkan darajarsu. A 2003 aka zaftare albashin matuƙa da kashi 30 cikin 100, sannan a 2005 kotu ta amince a rushe asusun fanshon ma'aikata, a miƙa shi ga wata hukumar gwamnati da ke da iyakar abin da take biya.

Kamfanin ya fita daga kariyar kotu a watan Fabrairun 2006, kuma a 2008 matuƙan suka fito fili suna neman shugabansa Glenn Tilton ya yi murabus.

Bayan haɗewa da Continental

United ya haɗe da kamfanin Continental a 2010, amma sai a 2013 aka kammala haɗa jerin matuƙan kamfanonin biyu, ta hannun masu shiga tsakani.

Bayan annobar korona, ƙarancin matuƙa ya ƙarfafa hannun ƙungiyar. A watan Nuwamban 2022 kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun yi watsi da tayin farko, kafin a kai ga yarjejeniyar 2023.

Mallakar ma'aikata dai ta zama tarihi, amma kujerar da matuƙa suka samu a hukumar gudanarwar kamfanin a 1994 ba ta kuɓuce musu ba.