Daga Ayari Zuwa Kabu-kabu a Ƙasar Damagaram

Jama'a, tafiya a ƙasar Damagaram ba yau ta soma ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus, ya bi ta Agadas, ya sauka a Zangon Zinder, kana ya wuce Kano. Amma ayari na fatake ne, madugu ba ya jiran talaka. Mutumin ƙauye in tafiya ta kama shi, sai dai ƙafa, ko ya ari jakin maƙwabci.

Faransawa suka ci Zinder a 1899, suka mai da ita babban birnin ƙasa har 1926, lokacin da suka koma Yamai. Su suka sa aka share hanyoyin mota, da aikin tilas, wanda ba a hana ba sai 1946. Jirgin ƙasa kuwa ya iso Kano tun 1911, shi ya sa daga baya manyan motoci suka riƙa kwasar gyaɗar Magariya da Matamaye suna yin kudu da ita. Ku lura fa, don gyaɗa aka yi hanyoyin nan. Mutum sai ya hau bisa buhu.

Bayan samun 'yanci a 1960 aka zuba kwalta daga Yamai ta ratsa Zinder zuwa Diffa. Alheri ne babba. To, amma ƙauyen da ke can cikin rairayi fa? Shi motar kasuwa kaɗai ya sani, Alhamis ta Zinder, Lahadi ta Mirya. Naƙuda kuwa ba ta san ranar kasuwa ba. In ta yi gardama da dare, sai a ɗaura wa shanu amalanke, a shimfiɗa tabarma, a kama hanyar gidan likita sannu-sannu. Wata ta isa, wata ba ta isa ba.

Abin da ya sake al'amari shi ne abu biyu da suka haɗu bayan shekarar 2000: babura masu araha daga ƙasar Sin, da wayar salula. Yau ɗan kabu-kabu ba sai an same shi a tasha ba. Ka kira shi, ku yi ciniki, ya zo har ƙofar gida. Ba gwamnati ta tsara wannan ba, samari ne masu neman na tuwo.

Sai dai kuɗinsa ba kowa ke iyawa ba, kuma ga faɗuwa cikin rairayi. Ko da yake an buɗe matatar mai ta Soraz a 2011, 'yan kabu-kabu da yawa man Nijeriya na kwalba suka riƙa sha. Da Nijeriya ta cire tallafin mai a 2023, kuɗin hawa ya tashi har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin gidan mai ba. Mai naƙuda kuma ba kullum take iya zama bisa babur ba, don haka har gobe amalanke na nan ajiye a bayan danga.