Ƙidayar 1963 da Tarkon da Na Kusa Faɗawa

Masu karatu, wannan makon ku yi haƙuri da ci gaban labarinmu, wata 'yar matsala ce ta tsayar da ni. Littafin da nake rubutawa a Kano ya faru, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, sai na ga bai kamata in ce "jama'a sun cika gari" ba alhali ban san yawansu ba. Na shiga neman alƙaluman ƙidaya.

Abin da na fara karo da shi shi ne, ba kowace ƙidaya ake dogara da ita ba. Ta 1952 zuwa 1953, wadda Turawa suka yi, ta ce 'yan Najeriya sun kai miliyan 30 da ɗoriya. Amma a lokacin mutanenmu da sun ga mai ƙirga sai su tuna da haraji da jangali, maigida ya ɓoye 'ya'yansa maza. Ta 1962 kuwa rigimar siyasa ta sa aka soke ta, aka sake a 1963, aka samu miliyan 55.6. Yanzu kuma ba ɓoyewa ake ba, ƙari ake zargi, domin kujerun majalisa da yawan kawuna ake raba su. Ta 1973 ma gwamnatin Murtala ta yi watsi da ita a 1975.

Ga inda na kusa jin kunya. Ƙidayar 1963 ta ba Lardin Kano kusan miliyan 5.8. Na duba ta 1991, sai ga Jihar Kano ita ma da miliyan 5.8. Har na rubuta a littafin ajiyata cewa Kano ta yi shekara 28 ba ta ƙaru ba! Wani tsohon malamin makaranta da na nuna wa ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, Haɗejia da Gumel da Kazaure fa?" Ashe a watan Agusta na 1991 aka cire Jigawa, aka yi ƙidaya a Nuwamba, ta tafi da kusan miliyan 2.9. Suna ɗaya, ƙasa daban.

Wanda kuma ke neman yawan Hausawa ko Musulmi kada ya wahalar da kansa da ta 1991 ko ta 2006, ba a tambayi ƙabila ko addini ba. Dole ya koma 1963.

Na goge wancan layi. Mako mai zuwa in sha Allahu za mu koma wajen Binta a Fagge.