Tarihin Samfurin Jirgin Sama Mai Fukafukai Hawa Biyu

Samfurin jirgin sama mai fukafukai hawa biyu ƙaramin kwafi ne na jiragen da suka yi zamani daga tashin Wilbur da Orville Wright a 1903 zuwa tsakiyar shekarun 1930, wato masu fiffike ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da sanduna da wayoyi riƙe da su. A kwali ake sayar da shi gunduwa-gunduwa, na roba ko na katako da ƙarfe. Mai saye shi zai yanke, ya goge, ya manna da gam, ya shafa fenti, sannan ya ɗaura wayoyin da hannunsa. Sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka da Japan, kuma yawancin masu yinta a yau manya ne.

Da ma'auni ake faɗin girman samfuri. In an ce 1:72, an raba tsawon jirgin gaske gida 72 ke nan an ɗauki ɗaya. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Sopwith Camel faɗin fukafukansa mita 8.5 ne. A 1:72 bai wuce santimita 12 ba, ya zauna a tafin hannu. A 1:32 ya kai santimita 27, a 1:16 ya haura rabin mita, a 1:8 kuwa ya zarce mita guda. Daga 1:32 zuwa sama shi ake kira babban ma'auni.

Mafari

Samfuri ya girmi jirgin kansa. A 1804 Bature George Cayley ya gwada wani ɗan ƙaramin jirgi marar inji, a 1871 kuma Bafaranshe Alphonse Pénaud ya tashi wani mai farfela da murɗaɗɗen danƙo ke juyawa a lambun Tuileries na birnin Faris. Wani abin wasa irin ƙirar Pénaud ne mahaifin Wilbur da Orville ya kawo musu gida a 1878. Duka waɗannan don su tashi aka yi su, ba don su yi kama da wani jirgi ba.

Kwaikwayon jirgi sak ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Finafinan Amurka irin su Wings na 1927 da Hell's Angels na 1930 sun cusa wa yara son matuƙan yaƙin, tsallake tekun Atlantika da Charles Lindbergh ya yi a 1927 kuma ya ƙara wa abin armashi. Kamfanin Paul Guillow, wanda aka kafa a 1926 a Wakefield ta jihar Massachusetts, ya shahara da kwalayen itacen balsa, itace mai sauƙin nauyi da ake yanka da reza a lulluɓe da siririyar takarda. Yana nan har yau.

A Ingila aka samu ma'aunin da ya zauna. A 1932 aka fara sayar da samfuran Skybirds, waɗanda wani matashi, James Hay Stevens, ya zana. Na katako ne da 'yan ƙarafa, dukkansu a 1:72, domin a wannan lissafi inci ɗaya daidai yake da ƙafa shida, kusan tsayin namiji. Amfanin abin a fili yake: duk jiragen da yaro ya tara, girmansu na tafiya daidai da juna. A 1936 kamfanin Frog ya fito da irinsu na roba da sunan Penguin, sunan tsuntsun da ba ya tashi, don kada mai saye ya yi zaton zai tashi. Robar lokacin tana lanƙwashewa in ta daɗe. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfura 500,000 a wannan ma'auni don koya wa sojoji bambance jirginsu da na abokan gaba.

Zamanin roba

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ga robar folistarin, wadda ake narkarwa a tura cikin mazubin ƙarfe ta fito da dubban kwafi iri ɗaya. Nan farashi ya faɗi ƙasa warwas. Kamfanin Airfix, wanda wani ɗan Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, ya riƙa zuba samfuransa a leda ana sayarwa sule biyu a kantunan Woolworths, kuma kafin 1960 ya fitar da Camel da Albatros da Bristol Fighter. A Amurka kamfanin Aurora ya soma jerin jiragen yaƙin farko a 1:48 daga 1956. Revell ne ya fara zuwa da manya, a ƙarshen shekarun 1950, da SPAD XIII da Camel da Fokker Dr.I mai fukafukai hawa uku, a wani baƙon ma'auni na 1:28. Har da 'yan mutum-mutumin matuƙa a ciki, da zaren ɗaura wayoyi. An shafe shekaru da dama ana sake zuba su daga tsoffin mazubansu.

Daga nan kasuwar ta ja baya. Yaran shekarun 1960 da 1970 sun fi son Spitfire da jiragen jet, kuma ba a ga laifinsu ba, domin mai fiffike ɗaya a yini guda ake gama shi. Kamfanin Hasegawa na Shizuoka a Japan shi ya bi wata hanya dabam: ya yi Camel da SE5a da Fokker Dr.I a 1:8, da katako da ƙarfe da roba, a bar su tsirara babu lilin, ana ganin kowane haƙarƙari na fiffike da kowace waya daga sandar tuƙi har wutsiya. Aikin watanni ne, kuma tsadarsu ta sa ba kowa ke kai musu ba. Daga baya kamfanin Model Airways na Amurka ya yi irinsu a 1:16.

Bayan rushewar kwaminisanci, ƙananan kamfanonin gabashin Turai suka farfaɗo da harkar. Eduard na Jamhuriyar Cek, da aka kafa a 1989, da Roden na birnin Kiyef a Yukiren, sun yi jiragen da manyan kamfanoni suka ƙi kulawa. Littattafan Windsock na Ray Rimell a Ingila su suka ba su zane da tsoffin hotunan da suka dogara da su.

Inda aikin yake

Abin da ya raba wannan samfuri da sauran shi ne jirgin ba ya ɓoye komai. Mazaunin matuƙi a buɗe yake, inji rabinsa a waje, bindigogi a gaban fuska, wayoyi ko'ina. A 1:72 ido na yafe abubuwa da yawa. A 1:32 ba ya yafewa, shi ya sa masu son ƙananan bayanai suka karkata can.

Fiffiken sama shi ne babbar jarrabawa. Ba ya taɓa gangar jiki, a kan sanduna sirara yake zaune, kuma dole dukkansu su shiga raminsu lokaci guda, a karkace daidai yadda suke a jirgin gaske. In ɗaya ta goce, fiffiken ya murɗe, kuma duk wanda ya kalle shi daga gaba zai gani. Don haka ƙwararru sukan haɗa wani matokari na kwali ko katako ya riƙe fukafukan biyu har gam ya bushe. Kafin a ɗora shi ma sai an gama fenti, an huda ramukan wayoyi da ɗan abin huji da bai kai rabin milimita ba, domin bayan an ɗora hannu ba zai ƙara shiga ba.

Wayoyin kansu iri biyu ne. Akwai masu tashi daga ƙasan gangar jiki zuwa fiffiken sama, su ke hana fukafukai naɗewa sama in jirgi yana cikin iska. Akwai masu saukowa daga sama zuwa fiffiken ƙasa, su ke ɗauke nauyinsu in ya sauka. Jiragen Ingila da yawa sun yi amfani da waya mai faɗi kamar bakin wuƙa don ta yanki iska, Jamusawa kuwa tufkakkiyar waya da ƙarfen murɗawa a bakinta. Mai samfuri na da can yakan ɗumama guntun roba a kan kyandir ya ja shi har ya zama kamar gashi. Yau an fi amfani da zaren kamun kifi ko zaren danƙo mai talewa. Wanda ya zage dantse yakan murɗa siririyar wayar tagulla ya yi 'yar ƙawanya, ya dasa ta a ramin, ya zura zaren ta cikin bututun tagulla mai kaurin rabin milimita, ya ratsa ƙawanyar, ya sake dawo da shi ta bututun, ya ja da matsefata ya ɗiga gam. Haka zai yi wa kowane bakin waya, kuma babban jirgi na da su da yawan gaske.

Sai katako. Gangar jikin Albatros ta Jamus siririn katako ce mai ƙyalli, farfela kuma falle-falle ne na itace mai haske da mai duhu da aka manne. Ana shafa fenti ruwan ƙasa mai haske, in ya bushe a ɗora fentin mai irin na masu zane, a ja shi da soso ko busasshen buroshi har layukan itace su fito, a bar shi kwanaki kafin a taɓa. Mai gaggawa yatsansa zai bari a jiki.

Launi ma ba a gama da shi ba. Daga 1917 Jamusawa sun riƙa lulluɓe jiragensu da lilin da aka buga masa zanen gida-gida mai kala huɗu ko biyar tun daga masaƙa. Ingilishi kuma sun shafa wa nasu wani ruwa da suke kira PC10, kuma har gobe masu samfuri na musu ko ya fi kusa da kore ko ruwan ƙasa, domin hotunan zamanin baƙi da fari ne. Injin Camel, wanda shi da farfelarsa suke juyawa tare, man zurma yake sha yana fesarwa, saboda haka samfurin da ya fito fes ba tabon mai a ƙirjinsa bai cika kama da na gaske ba. Wannan ƙwaƙƙwafi yana da dalili mai kyau. Daga Camel kusan 5,500 da aka ƙera, waɗanda suka rage ba su kai goma ba, Fokker Dr.I kuwa ko ɗaya na asali bai tsira ba. Yawancin mutane a samfuri kaɗai za su ga siffarsu ta kowane gefe.

Wingnut Wings

A 2009 Peter Jackson, mai shirya finafinan The Lord of the Rings, ya buɗe kamfanin Wingnut Wings a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan. Mutum ne mai tara jiragen yaƙin farko, ana nuna wasu a gidan tarihi na Omaka, kuma yana da hannu a kamfanin The Vintage Aviator mai ƙera sababbin kwafinsu masu tashi. Ma'aikatansa ke nan suna da jirgin gaske a gabansu su auna. Da samfura huɗu suka fara, duk a 1:32: SE5a, Bristol F.2b, LVG C.VI da Junkers J.I.

Abin da ya girgiza masu harkar shi ne sun magance matsalar fiffiken sama tun daga zane. Sanduna na shiga raminsu su tsaya a daidai kusurwa, har wanda bai taɓa gwadawa ba ya iya. Guntayen na haɗuwa cif-cif, ta yadda kaurin fenti kaɗai kan hana gangar jiki rufuwa sai an kankare. Littafin umarni mai kala ne, cike da tsoffin hotuna da taswirar kowace waya. Suka yi manyan da ba wanda ya taɓa tunanin gani a roba, kamar Gotha G.IV mai jefa bam da jirgin sauka a ruwa Felixstowe F.2a, wanda faɗinsa a samfuri ya kai santimita 91. A fagen nan ba a taɓa yin kamarsu ba.

Cikin abin da suka fitar akwai DH.9A, kuma mutanen Kano na da alaƙa da shi. Irinsa guda uku na rundunar saman Birtaniya ne suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba 1925, suka bi ta Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, jiragen farko da birnin ya gani. Jagoran tafiyar, Arthur Coningham, a Wellington ɗin ya yi karatu. Guda ɗaya tak na asali ya rage a gidan tarihin rundunar da ke Landan.

A 2020, daidai lokacin annobar korona, kamfanin ya rufe. Kwalayensa suka yi tsada ninki-ba-ninki a hannun masu sayar da na hannu, wasu masu su ma suka ƙi buɗewa. Fokker Dr.I da suka bari ba su fitar ba, kamfanin Meng na Sin ya fito da shi a shekarar. Wasu tsoffin ma'aikatan suka kafa Kotare, suka fara da Spitfire. Roden da Copper State Models sun ci gaba da jiragen yaƙin farko a 1:32, ƙananan masu sana'a kuma suna amfani da na'urar buga abu mai jiki wajen fitar da kujerun saƙa da injuna da ƙarafan murɗa waya, waɗanda a da sai an yi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.