Tsohuwar Marsandi Da Kuɗin Cefane

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun bi ni a sannu za ku ga akwai soyayyar a ciki har ma da kishi, sai dai ita kishiyar tawa ƙafa huɗu gare ta, kuma fetur take sha.

Wata ranar Asabar ce cikin 2021, ina tsakar gidanmu a Gaya ina tankaɗe, sai na ji wani irin rugugi a ƙofar gida kamar hadari ya taso daga gabas. Can sai ga maigidan ya shigo bakinsa har kunne yana kaɗa makulli, ya ce, "Maman Ummi, ajiye rariyar nan ki zo ki sa albarka." Na yafa mayafi na leƙa. Wallahi ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na riƙe baki. Baƙa ce wuluk, ta kwanta a ƙasa kamar kada, gilasanta masu duhu, tayoyinta faffaɗa, a bayanta an manna wasu haruffa uku masu ƙyalli, AMG. Ya buɗe mini gaba na zauna, da ya rufe ƙofar sai na ji wani "dim" mai nauyi, hayaniyar unguwa ta ɗauke ɗif. Marsandi ce 300E, irin wadda ake ce wa V-boot saboda yanayin murfin bayanta. Da na duba takardunta sai na ga a 1990 aka ƙera ta, wato shekarar da aka haife ni. Bijimai biyu da ya yi wata takwas yana kiwatawa a gidansu a Ajingi ya kai kasuwar Wudil, sannan ya cika da kwasar adashina da ya karɓa aro, kuɗin da na tanada don buga littafi.

To abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaya aka yi motar sarakuna ta gangaro har ƙofar malamin firamare? Kawuna tsohon direba shi ya fara warware mini, sauran kuma na bi na karanta.

A zamanin iyayenmu Marsandi ba ta talaka ba ce ko kusa. A cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, aka kuma adana motar da hujojin harsasanta a gidan tarihi na Onikan. Allah Ya ji ƙansa, ƙanwarsa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu na cikin waɗanda suka share mana hanyar rubutun nan. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ce a rage almubazzaranci, manya su koma Fijo 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da farar hula suka hau a 1979 sai Marsandi ta dawo da ƙarfinta, har mutane suka laƙaba wa wani babban samfurinta sunan Shagari. A lokacin nan naira ta fi dala daraja, kuma babban ma'aikaci sabuwar mota yake saye dal.

Sai 1986, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin nan na SAP, naira ta kama gangara, zuwa 1993 dala ɗaya ta kai naira 22 a farashin gwamnati. Sabuwar mota ta gagari kowa sai wane da wane. Can a Jamus kuwa doka ce duk shekara biyu a kai mota a duba lafiyarta, in ta tsufa gyaran da za a nema ya yi wa mai ita tsada, sai ya rabu da ita a arha. Dillalai su tattaro su zuwa Beljiyam, a loda su a jirgin ruwa a Antwaf, sai Kwatano. Kun ji inda aka samo sunayen, 'yar Beljiyam, 'yar Kwatano, Yarbawa kuma su ce tokumbo. Wani abin dariya, ita V-boot ɗin da Alhazai ke fankama da ita, da yawa daga ƙannenta masu shan gas tasi ake yi da su a Jamus.

Daga Kwatano direbobi kan miƙo arewa har Malambil, su haye gadar kogin Kwara su faɗa wani gari na Nijar wanda shi ma sunansa Gaya, daga nan su bi ta Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi su shigo ta ƙasar Katsina, wasu ta gaban kwastan, wasu ta daji da tsakar dare. Kawu ya yi wannan hanya a ƙuruciyarsa. Da ya zagaya motar maigidan sai ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ta Gaya irinsu ke shigowa, wannan kuwa a Gaya za ta yi ritaya." Tun daga 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, tsofaffin da ke gida suka ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu. Mu ne na biyar a kan tamu.

Su kuwa haruffan nan uku da maigidan ke gogewa da hannun riga, asalinsu wasu injiniyoyi ne biyu, Aufrecht da Melcher, da suka buɗe wurin ƙara wa Marsandi ƙarfi a 1967, harafi na ukun kuma sunan garinsu Aufrecht ne. Su in suka kama V-boot, wani lokaci har injin silinda takwas sukan zuba mata. Tamu silinda shida ce, haruffan kuma a kasuwa aka sayo aka liƙa. Abin da mai ita na baya ya yi da gaske shi ne ya sauke ta ƙasa, ya sa mata manyan tayoyi, ya sauya salansa don ta yi ƙara, saboda irin samarin nan ne masu wasan mota ranar ɗaurin aure.

Amma fa ko a haka tana da abin so. Ranar da muka hau kwalta muka nufi Wudil, ko ruwan da ke cikin kofi ba zai zube ba. An ƙera ta ne don manyan titunan Jamus inda a wasu wurare ba a ƙayyade gudu ba, tana iya wuce kilomita 200 a awa, kuma kina ciki ba za ki san gudu ake ba. Na kalli maigidan ta gefen ido, mutumin da ya shekara goma yana shan ƙura a kan babur, na ga yadda ya gyara zaman hula, sai na ji bakin da na wasa kan adashina ya mutu.

Damina ce ta tona asiri. Za mu suna wani ƙauye bayan Ajingi, muka sauka daga kwalta, ba mu yi nisa ba cikinta ya daki tudu, baƙin mai ya tsiyaye tas. Jama'a, shanun huɗa biyu aka samo suka ja mu har ƙofar gida, ina ciki da leshina da gwaggwarona. Hajiya surukata ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ashe dai shanun ba su tafi ba."

Daga nan aka buɗe littafin gareji. Aka ɗaga ta sama, aka sauya shokozoba, aka sa babban lagireto saboda zafin ƙasarmu, da ta dame su da wahalar tashi sai bakanike ya cire na'urar da ke fesa mata mai ya dasa kafireto. Kowane wata sai an aika Ƙofar Ruwa neman wani ƙarfe. Ni dai ban raina makanikanmu ba, don tarihin baka ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya tashi daga nan Gaya ya je Dala neman tama, har birnin ya ci sunansa. Jikokin maƙera kuwa ba ƙarfen da zai gagare su. Sai dai duk gyaran da aka yi, a tukunyata yake fitowa. Nama ya koma ranar Juma'a kaɗai, sannan ya koma ƙashi.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tankinta lita 70 yake ci, ku yi lissafin da kanku ku ɗora a kan albashin malamin firamare.

A nan zan faɗi laifina, don ina da shi. Littattafan da na taso ina ɗauka a ƙarƙashin katifar yayyena, da wuya saurayin kirki ya zo zance a ƙasa, sai dai a ji tsayuwar Marsandi, yaro ya shigo ya ce ana sallama. Da na fara rubutu ni ma haka na yi, sau uku ina saka jarumina a cikinta, ban taɓa rubuta shafi ɗaya da ya tsaya a gidan mai ba. Kwanaki wata ƙanwata ta ƙi wani tela mai rufin asiri saboda wani mai tsohuwar BMW, da na yi mata faɗa sai ta ce, "Haba Anti, ba ke kika rubuta ba?"

Yanzu tana nan ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, kazata har ƙwai ta saka a ƙarƙashinta. Maigidan ya koma kan babur ɗinsa, amma duk Juma'a bayan an sauko sai ya yaye tamfol ɗin ya tayar da ita ta yi ruri na minti biyar, yaran unguwa su taru. Watan jiya wani dillali ya zo daga Kano ya yi tayi, wai samari sun dawo neman irinta. Kuɗin zai biya adashina har a yi ragowa. Maigidan ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki bai ko zauna ba, ya ce, "Maman Ummi, kuɗinki ne a ciki, me kika gani?" Na dubi makullin da ya damƙe a hannunsa, na ce ya gaya wa mutumin ya dawo bayan Sallah.