Donogh O'Malley

Donogh O'Malley (Janairu 1921 – 10 Maris 1968) ɗan siyasar ƙasar Ayalan ne na jam'iyyar Fianna Fáil, wanda ya wakilci mazaɓar Limerick ta Gabas a Dáil Éireann, wato majalisar wakilan ƙasar, daga 1954 har zuwa rasuwarsa. An haife shi a birnin Limerick, ya karanci injiniyanci a jami'ar Galway, kuma ya zama magajin garin Limerick a 1961. Firaminista Seán Lemass ya naɗa shi ministan lafiya a 1965, sannan ya mayar da shi ma'aikatar ilimi a watan Yuli na 1966.

An fi tunawa da shi saboda jawabin da ya yi wa 'yan jarida a Dún Laoghaire ranar 10 ga Satumba 1966, inda ya sanar da cewa karatun sakandare zai zama kyauta, ba tare da ya nemi amincewar ma'aikatar kuɗi ba, alhali a lokacin yawancin 'ya'yan talakawa kan bar makaranta da zarar sun kammala firamare. Shirin ya fara aiki a watan Satumba na 1967, tare da motocin jigilar ɗalibai kyauta a karkara, kuma yawan masu shiga sakandare ya ƙaru ƙwarai cikin 'yan shekaru. Shawarar da ya kawo a 1967 ta haɗe kwalejin Trinity da kwalejin jami'a ta Dublin ba ta samu karɓuwa ba.

Bayan rasuwarsa, ɗan ɗan'uwansa Desmond O'Malley ya lashe kujerarsa a zaɓen cike gurbi na 1968.